Guzuri

Ƙarfe biyar da rabi, Oshodi ba ta gama hamma ba,
ni kuwa na riga na matsu a kujerar bayan danfo,
gwiwata a haƙarƙarin wani,
kwandon tattasan wata a cinyata.
Kwandasta na lilo a ƙofa yana tauna sunan Obalende.
Na toshe kunnuwana biyu,
na rufe Ikko kamar yadda ake rufe tukunya tana tafasa.

Jerin waƙoƙin nan mu biyu muka buɗe shi,
ni da Barira, ranar da ta rako ni tashar Gusau.
Ita ta raɗa masa suna Guzuri.
Ta ce, Yaya, dambun nama zai ƙare kafin Jebba,
wannan kuwa sai ka gaji.

Sai ya yi ta haihuwa.
Kunle, da muke gyaran waya a rumfa ɗaya,
ya roƙa na sa shi ciki,
ya juye mana gangunan garinsu masu gardama kamar 'yan gwanjo.
Nkechi mai caja ta kawo jita
mai tafiyar wanda ba ya bin kowa bashi.
Barira ta rubuto: wa ya zuba mana barkono a kunu?
Bayan kwana uku na ga ta ƙara biyu irinsu.

Sannan aka zo rabon gonar Baba.
Ba zan ce ga wanda ya fara ba.
Na dai zare wata kalma a waya
wadda har yau ta ƙi komawa kube.
Wata bakwai ke nan.
Salla ta zo ta wuce, babu barka.
Lambarta ina tsallake ta kamar kwata.

Amma jerin ban goge shi ba,
ita ma ba ta fita ba.
Hotonta, ɗan mitsitsi kamar kwabo, yana nan gefen nawa,
mutum biyu a tabarma ɗaya
kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Yau a tsakiyar doguwar gada cunkoso ya ɗaure mu.
Ƙasa can, hayaƙin kifi na tashi daga Makoko,
wani yaro na tuƙa kwalekwale a tsaye, bai san da mu ba.
Waƙa ta ƙare, wata ta shigo
wadda ba ni na sa ba.
Goge ne, da muryar tsohuwa mai tsatsa,
irin amon da Inna ke gunguni in tana tankaɗe,
ba ta san baitin ba, sai dai hanyar.

Na duba ƙasan sunan.
Barira ta saka. Ƙarfe biyu da arba'in na dare.

Me ya hana ki barci, 'yar Inna?
Haƙorin jaririn ne?
Ko sauro, ko zafi,
ko yatsa ne kawai ya zame?

Mai tattasai ta dube ni, ta miƙo bakin gyalenta.
Na ce mata hayaƙi ne.
Ta gyaɗa kai, ba ta janye ba.

Datata saura ƙiris.
Na rubuta salama, na goge.
Na rubuta ki yi haƙuri, ya yi mini gajarta,
kamar wandon bara.
Sai na nemo wata shashashar waƙa,
wadda muka taka har muka fasa randar tsakar gida
muka ɗora wa akuya laifi.
Na jefa ta ciki.

Mota ta motsa.

A Obalende, ina hura shayi, wayar ta girgiza a aljihu.
Ba kira ba ne.
Jiya ɗari biyu da sha ɗaya ne,
da tata, da tawa, sha uku.
Yanzu sha huɗu.

Shayin ya huce ban sani ba.
Kunle na can yana ɗaga mini hannu, kwastoma na jira.
Bari in ji ta tukuna.